Akori-kura mai ɗauke da ɗaki

1. Ɗakin da ke hawa mota

Amurka ƙasa ce mai faɗi ƙwarai. Daga gabas zuwa yamma ta wuce kilomita 4000. Lokacin hutu, mutane da yawa sukan bar birane su tafi kallon daji da duwatsu. Wasu sukan je gandun dajin Yellowstone, wanda aka keɓe tun shekarar 1872. Wasu kuma sukan bi hanyar Alaska, wadda aka gina a 1942, ta ratsa ƙasar Kanada. A irin waɗannan wurare masauki yana da nisa. Saboda haka wasu matafiya suke tafiya da ɗakinsu.

Ɗakin nan ba na ƙasa ba ne. An ƙera shi da katako da gorar ruwa da roba mai tauri. A cikinsa akwai gado, da teburi, da murhun gas, da tankin ruwa. Wani ma har da makewayi. A gida yana tsaye bisa ƙafafun ƙarfe huɗu. Ranar tafiya sai a ɗaga shi, direba ya shigo da akori-kura da baya ƙarƙashinsa, a sauke shi cikin akwatin motar, a ɗaure shi da ƙarafa a kusurwa huɗu. Gadon yakan miƙo gaba, ya rufe saman wurin direba. Sunansa a nan ɗakin tafiya.

Akori-kura ita ce motar da ake kira bashe a tashoshin Nijar: wurin direba a gaba, akwatin kaya a baya. Na Amurka sun fi girma. Kamfanin Ford ya soma ƙera jerin motocinsa masu harafin F a 1948. F-150 ita ce ƙarama, F-250 matsakaiciya, F-350 babba. Yawancin F-150 suna ɗaukar kilo 700 zuwa 1000. Wasu F-350 kuwa suna ɗaukar fiye da kilo 2500.

Ƙaramin ɗakin tafiya yana da nauyin kilo 500 ko kusa da haka. Babba yakan wuce kilo 2000, watau nauyin buhun gero 20 masu kilo 100. Amma akwai bambanci. Buhuna kwance suke a ƙasan akwati. Ɗaki kuwa tsaye yake. In ya hau mota, tsawonsu daga ƙasa yakan kai mita 3 da rabi. Nan wahalar take. Motar da ke tafiya lafiya da buhuna tana iya yin tangaɗi da ɗaki, ko da nauyinsu ɗaya. In tangaɗin ya yi yawa, sai ta kife da mutanen da ke ciki.

2. Abin da ke tsakanin taya da kaya

Wanda ya leƙa ƙarƙashin akori-kura zai ga dogayen ƙarafa biyu daga gaba har baya. Su ne shasi, ƙashin bayan mota. Bisa kansu akwati yake zaune. Zai ga kuma wani ƙarfe mai kauri da ya haɗa ƙafar baya ta dama da ta hagu. Shi ne aksil.

Ba a manna shasi da aksil kai tsaye ba. Da an yi haka, kowane rami sai ya bugi kaya da mutane, kamar yadda ake ji a amalanke. Tsakaninsu akwai ƙarfe mai lanƙwasa ya koma. Makanikan Nijar suna ce masa rasor, na Nijeriya suna ce masa sifirin. Kusa da shi akwai amotisar, wanda wasu ke kira shokazoba.

Rasor da abokan aikinsa suna da aiki uku. Na farko, su riƙe nauyi, kada bayan mota ya durƙushe. Na biyu, su hana mota karkata gefe ɗaya. Na uku, su riƙe aksil a wurinsa, kada ya goce gaba ko baya, dama ko hagu. Ga buhuna, aiki na farko ne babba. Ga ɗakin tafiya, dukansu uku manya ne.

3. Cibiyar nauyi

Kowane abu yana da wani wuri da nauyinsa ya taru. In an ɗora sanda bisa yatsa ta tsaya ba ta faɗi ba, to, yatsan yana ƙarƙashin wannan wuri. Sunansa cibiyar nauyi.

Gwaji na farko. A samo kwalin sukari marar kome, a sa dutse a gindinsa, a tsai da shi bisa allo. A ɗaga gefen allo sannu sannu har kwalin ya faɗi. Sa'an nan a cika kwalin da takardu, a ɗora dutsen can sama, a sake gwadawa. Wannan karo zai faɗi tun allo bai ɗagu sosai ba. Nauyin bai sake ba. Cibiyarsa ce ta hau.

Haka yake ga mota. A ce akori-kura tana da kilo 3000, cibiyar nauyinta tana santimita 80 daga ƙasa. A ce ɗakin yana da kilo 1000, tasa cibiyar tana santimita 200 daga ƙasa. In an haɗa su, cibiyar ta koma santimita 110. Ta hau da santimita 30, alhali faɗin ƙafafun motar bai ƙaru ba.

Sa'ad da mota ta shiga kwana, jikinta yana son ya miƙe, tayoyi kuwa suna juya ta. Sai nauyi ya koma gefen waje. Rasor na waje ya danne, na ciki ya saki, mota ta karkata. In ta karkata, cibiyar nauyi ta ƙara matsawa waje, rasor na waje ya ƙara dannewa. Gudu yana ƙara wannan ƙarfi fiye da yadda ake zato. In an ninka gudu sau 2, ƙarfin da ke tura mota waje yana ninkuwa sau 4. Kwanar da aka sha lafiya da gudun kilomita 30 a awa tana iya kifar da mota da gudun 60.

Iska ma tana da nata. Gefen ɗaki kamar bango yake. A jihar Wyoming iska takan yi ƙarfi har hukuma ta hana dogayen motoci marasa nauyi bin babbar hanya mai lamba 80. Ko babbar mota ce ta wuce da gudu, iskarta takan hankaɗe ɗakin.

4. Rasor mai falle-falle

Wannan shi ne tsohon iri. Tun zamanin keken doki ake aiki da shi. Wani maƙerin kekunan doki na birnin Landan, Obadiah Elliott, ya yi rajistar nasa a 1804. Dogayen fallayen ƙarfe ne aka jera bisa juna, dogo a sama, gajere a ƙasa, an lanƙwasa su kamar baka. Tsakiyarsu tana ɗaure da aksil. Bakinsu biyu suna maƙale da shasi.

Gwaji na biyu. A ɗora tsumagiya ɗaya bisa tubala biyu, a rataya dutse a tsakiyarta. Za ta lanƙwashe ƙwarai. A ɗaure tsumagiya uku wuri ɗaya, a rataya dutsen nan. Lanƙwasar za ta ragu. Haka fallaye suke taimakon juna.

Rasor mai falle-falle yana yin aikin nan uku shi kaɗai. Yana riƙe nauyi. Yana riƙe aksil, domin an ɗaure shi gaba da baya. Kuma a manyan akori-kura na Amurka an kafa shi a wajen shasi, kusa da tayoyi. Wannan yana da amfani babba.

Gwaji na uku. A ɗora allo bisa guntayen soson katifa biyu, a matso da su tsakiya kusa da juna. A danna gefen allo da yatsa. Zai karkata nan da nan. A mai da sosunan bakin allo, ɗaya dama ɗaya hagu, a sake dannawa. Yanzu da ƙyar zai karkata. Sosunan ba su sake ba, tazararsu ce ta ƙaru. Ɗan kokawa ma yakan buɗe ƙafafunsa don kada a kada shi.

Akwai kuma fallen taimako. Falle ne mai kauri wanda ba ya aiki in mota ba ta da kaya. Sai nauyi ya danne sauran sa'an nan ya shiga aiki. A cikin kwana, gefen da ya danne yakan taɓa fallen taimako, ya sami ƙarin ƙarfi daidai lokacin da ake bukata.

Aibin wannan iri shi ne tauri. Babbar akori-kura marar kaya tana girgiza mutane a hanya mai gargada.

5. Rasor mai murɗi

Shi wannan sandar ƙarfe ce aka murɗa, irin ɗan ƙarfen da ke cikin biro mai maɓalli, sai dai ya fi shi girma nesa. Yana da laushin tafiya. Amurkawa da yawa da akori-kura suke zuwa aiki da kasuwa, ba kullum suke ɗaukar kaya ba. Don haka wasu kamfanoni suka koma gare shi. Motar Ram 1500 ta sami rasor mai murɗi a baya tun ƙirar 2009, Ram 2500 tun ƙirar 2014, Toyota Tundra tun ƙirar 2022. Amma Ram 3500 da Ford F-350, manyan masu ɗaukar kaya, suna nan da mai falle-falle.

Rasor mai murɗi aiki ɗaya ya iya: riƙe nauyi. Ba ya riƙe aksil. Dole a sa wasu sanduna su yi wannan aiki. Sanduna huɗu suna hana aksil gocewa gaba da baya. Ta biyar tana gicciye, tana hana shi gocewa dama da hagu. Ana kiranta sandar Panhard, da sunan wani kamfanin motoci na Faransa. Kowace sanda tana da roba a bakinta. In robobin sun cinye, bayan mota yakan riƙa lilo kamar wutsiyar kifi.

Sau da yawa kuma ana kafa rasor mai murɗi can ciki, nesa da tayoyi. Gwaji na uku ya nuna abin da hakan ke jawowa: sosunan da ke kusa da juna ba su hana allo karkata. Wannan ba ya nufin rasor mai murɗi mugu ne. Yana nufin yana bukatar mataimaka in kaya yana da tsawo.

6. Mataimaka huɗu

Na farko, sandar hana karkata. Sandar ƙarfe ce mai lanƙwasa a baki biyu. Tsakiyarta tana jikin aksil, bakinta biyu suna haɗe da shasi, dama da hagu. In gefen mota biyu sun sauka tare, ba ta yin kome. In gefe ɗaya ya sauka, ɗaya ya tashi, sai ta murɗe, ta yi gardama, ta nemi daidaita su. Ba ta ɗaukar nauyi ko kilo ɗaya. Aikinta hana karkata kawai.

Na biyu, amotisar. Rasor in an danne shi aka saki, ba ya tsayawa nan take, sai ya yi ta sama da ƙasa. Amotisar bututu ne cike da mai. A ciki akwai wani faifai mai ƙananan huda. Duk motsin mota sai man ya ratsa hudojin, kuma ba ya ratsawa da sauri. Wanda ya taɓa juya ludayi cikin kunu mai kauri ya san wannan. In amotisar ya mutu, ɗakin yakan yi ta rangaji bayan kowane rami, na biyu ya iske na farko bai ƙare ba.

Na uku, jakar iska. Jaka ce ta roba mai kauri da ake sawa tsakanin shasi da aksil, a hura mata iska don ta ɗago bayan mota. Tana da tarko biyu. In an haɗa jakar dama da ta hagu da tiyo ɗaya, to, a cikin kwana iska za ta gudu daga gefen da ya danne zuwa ɗaya gefen, karkata ta ƙaru. Dole kowace jaka ta sami nata tiyo. Kuma in an hura iska da yawa, motar takan ɗagu har fallen taimako ya daina aiki. Sai a ga mota ta miƙe kyam a tsaye, amma a hanya ta fi da tangaɗi.

Na huɗu, tagwayen taya. Wasu manyan akori-kura suna da taya biyu a kowane gefe na baya, watau huɗu ke nan. Nauyi yana rabuwa gida huɗu, gindin mota kuma ya ƙara faɗi. Masu manyan ɗakuna sun fi son wannan iri.

7. Gaban aksil ko bayansa

Ba tsawo kaɗai ake dubawa ba. Ana duba inda cibiyar nauyin ɗaki ta faɗa: gaban aksil ko bayansa.

A ce tazarar ƙafafun gaba da na baya mita 4 ce, ɗakin kuma kilo 1000 ne. In cibiyarsa tana santimita 40 a gaban aksil, ƙafafun baya suna ɗaukar kilo 900, na gaba kilo 100. In tana santimita 40 a bayan aksil, ƙafafun baya suna ɗaukar kilo 1100. Ina ƙarin kilo 100 ya fito? An zare shi daga ƙafafun gaba. Aksil ya zama kamar madogarin sikeli: baya ya sauka, gaba ya tashi.

Ƙafafun gaba su ne masu juya mota, kuma su ke yin mafi yawan aikin birki. In sun yi sako-sako da ƙasa, sitiyari yakan yi sauƙi a hannu, motar ba ta bin umarni sosai. Da dare fitilu sukan haska sama, su kashe wa masu zuwa ido. In bayan ya durƙushe har shasi ya zauna bisa robar tsaro ta aksil, rasor ya gama aiki ke nan. Kowane rami zai bugi shasi kai tsaye.

Saboda haka dokar Amurka ta tilasta wa masu ƙera ɗakin tafiya su rubuta nauyinsa a jikinsa, su kuma nuna inda cibiyar nauyinsa take.

8. Lambar da ke jikin ƙofa

A jikin ƙofar direba akwai ƴar takarda a manne. Tana faɗin iyakar nauyin da motar za ta ɗauka, da iyakar nauyin kowane aksil. A gefen kowace taya ma an rubuta iyakarta.

Mai hankali yakan yi lissafi tun bai sayi ɗaki ba. A ce takardar ta ce kilo 1400. Ɗakin kilo 1050 ne, sai mutum ya ce akwai saura. Amma direba da iyalinsa kilo 280 ne. Ruwan tanki lita 110, kowace lita kilo 1, kilo 110 ke nan. Gas da abinci da tufafi kilo 90. Jimla kilo 1530. An wuce iyaka da kilo 130. Don a tabbata, sai a loda kome, a kai motar babban sikelin motoci, a auna ƙafafun gaba dabam, na baya dabam.

Ga abin da mutane da yawa suke mantawa. Jakar iska, da ƙarin falle, da sandar hana karkata suna gyara tafiyar mota, amma ba su ƙara lambar da ke jikin ƙofa. Aksil shi ne na da. Birki shi ne na da. Tayoyi su ne na da. Jakin da aka yi wa sabon akumari bai zama raƙumi ba.

9. A hanyoyin Nijar

Ɗakin tafiya ba kasafai ake ganinsa a Nijar ba. Amma ana ganin ɗan'uwansa kowace ranar kasuwa: bashe da kaya tuli sama, mutane kuma zaune bisa kayan. Tsofaffin Peugeot 404 da 504 masu akwati, da Toyota Hilux wadda aka soma ƙerawa a 1968, duk rasor mai falle-falle ne a bayansu. Makanikai sukan ƙara musu fallaye don kada su durƙushe. Bayan mota yakan ɗagu, amma cibiyar nauyi tana can sama, tayoyi da birki kuma ba su sake ba. Ka'idar ɗaya ce a Wyoming da hanyar Maraɗi zuwa Damagaram: mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama, kaya a gaban aksil, a rage gudu kafin kwana.

Abin riƙewa

Kaya mai tsawo ya fi kaya mai kwanciya haɗari, ko da nauyinsu ɗaya.
Rasor masu nisa da juna sun fi hana mota karkata.
Rasor yana riƙe nauyi, amotisar yana kashe rangaji, sandar hana karkata tana daidaita dama da hagu.
Babu abin da za a ƙara wa mota ya ƙara iyakar nauyinta.

Tambayoyi

1. Mene ne aiki uku na rasor da abokan aikinsa?
2. Don me kwalin sukari ya fi saurin faɗuwa sa'ad da dutse yake sama?
3. Me ya sa rasor mai murɗi yake bukatar sanduna biyar?
4. Me zai faru in an haɗa jakunkunan iska biyu da tiyo ɗaya?
5. Iyakar wata mota kilo 1200 ce. Ɗaki kilo 850, mutane kilo 210, ruwa lita 90, abinci kilo 70. An wuce iyaka? Da kilo nawa?
6. Ranar kasuwa, ku dubi yadda ake loda bashe a tasha. Ku zana ta, ku nuna inda kuke zaton cibiyar nauyinta take.